Yadda Ake Auna Ingancin Bayanin Kayan Aikin da Aka Rubuta wa Wakilin AI

Masu haɗa manhaja da dama sun sha kawo mini koke iri ɗaya. Sun ba wakilin AI (manhajar AI mai aiwatar da aiki da kanta) kayan aiki, wato ayyukan kod da zai iya kira, kod ɗinsu lafiya lau yake, amma wakilin ya ƙi kiran kayan aikin, ko ya kira wanda bai dace ba, ko ya cike gurbi da abin da ransa ya raya masa. Sai su tambaya: ta ina za mu gane ko bayanin da muka rubuta ne ke da laifi?

Abin da za ka riƙe kafin komai shi ne, samfurin, wato ƙwaƙwalwar AI da wakilin ke aiki da ita, ba ya ganin kod ɗinka. Ko da tsarin kiran aiki na OpenAI kake amfani, wanda ya fito a watan Yunin 2023, ko da MCP (Model Context Protocol, ƙa'idar haɗa samfuri da kayan aiki) da Anthropic ta fitar a Nuwamban 2024, abu uku ne ke isa gare shi game da kowane kayan aiki: suna, bayani, da tsarin guraben da zai cike, wanda ake rubutawa da JSON Schema, wato hanyar fayyace siffar bayanai. Duk abin da ba ya cikin waɗannan ukun, zato zai yi. Saboda haka ma'aunin bayani shi ne abin da wakilin ya aikata bayan ya karanta shi. Matakan da ke ƙasa a jere suke, masu arha a farko, masu cin kuɗi a baya, kuma tsallake na farkon yana jawo asarar kuɗi a na bayan.

Abin da za ka tanada: kod ɗin kayan aikin a buɗe gabanka, wurin gwaji da ba ya taɓa bayanan mutane na gaske, damar kiran samfurin da za ka yi aiki da shi a zahiri, takardar lissafi irin ta Excel ko Google Sheets, da mutum ɗaya wanda bai san aikin ba. Zan yi misali da kayan aiki uku na kula da odar masu saye: `nemo_oda`, `jera_oda` da `soke_oda`.

## 1. Fito da abin da wakilin yake gani

Kada ka fara da karanta bayanin a cikin kod. Yawancin ɗakunan kod da ake amfani da su suna ɗauko bayani ne da kansu daga sharhin da ke saman aikin, su kuma gina tsarin guraben daga nau'o'in da ka ayyana. A hanya abubuwa kan salwanta: a yanke bayani, a zubar da bayanin gurbi, ko gurbin da ka so ya zama dole ya koma na ganin dama.

Idan sabar MCP ce, wato manhajar da ke miƙa wa wakili kayan aikin, buɗe ta da manhajar dubawa ta MCP Inspector, ko ka aika mata buƙatar `tools/list`, ka kwafe amsar gaba ɗaya. Idan kai tsaye kake kiran samfurin, buga ainihin saƙon da ke fita daga manhajarka. Wannan rubutun shi ne abin da za ka auna daga nan har ƙarshe. Adana shi da kwanan wata a matsayin siga ta farko.

A kula: ka fito da dukkan kayan aikin da wakilin ke gani a lokaci guda, har da na wasu sabobin da aka haɗa masa. Bayani yana iya zama mai kyau shi kaɗai, ya lalace idan ya zauna kusa da makamancinsa.

## 2. Ba baƙo ya karanta

Miƙa wa wanda bai san aikin ba wannan rubutun kaɗai, ba kod, ba ƙarin bayani daga bakinka. Ka ce ya amsa tambayoyi biyar a kan kowane kayan aiki. Me yake yi? Yaushe za a kira shi? Yaushe ne bai kamata a kira shi ba? Me za a sa a kowane gurbi? Me zai dawo da shi?

Duk inda ya ɗago kai ya tambaye ka, ka rubuta tambayar, kada ka amsa. Kowace tambaya rami ce a bayanin. Sabon ma'aikaci yana iya leƙa ofishin kusa ya tambaya; wakilin kuwa sau da yawa cike ramin yake yi da zato ya wuce.

Dubi wannan bayanin:

`nemo_oda`: Yana nemo oda.

Bai ƙara komai a kan sunan ba. Ga wanda ya amsa tambayoyin:

`nemo_oda`: Yana ɗauko cikakken bayanin oda guda ɗaya ta lambarta. Kira shi idan mai saye ya ba da lambar oda kuma yana son sanin matsayinta, kayan da ke ciki ko ranar isowa. Idan babu lambar, kira `jera_oda` tukuna da adireshin imel ɗin mai sayen. Ba ya dawo da bayanan katin biya, kuma ba ya canza komai a odar.

Jimla huɗu ce, kuma kowace tana hana wani kuskure na daban. Jagorar Anthropic ga masu gina manhaja ma tana ba da shawarar jimla uku zuwa huɗu aƙalla ga kowane kayan aiki, fiye da haka idan mai sarƙaƙiya ne.

A kula: wanda ya rubuta kod ɗin ba zai iya yin wannan matakin ba, komai adalcinsa. Idonsa yana karanta abin da ya sani, ba abin da ke rubuce kaɗai ba.

## 3. Gwada bayanin da kod

Yanzu ka buɗe kod ɗin, ka bi bayanin jimla-jimla kana tambayar ko gaskiya ce. A ganina wannan ne matakin da aka fi rainawa, alhali bayanin da ya yi ƙarya ya fi gajeren bayani haɗari, domin wakilin zai gaskata shi ɗari bisa ɗari.

Ƙaryar ba da gangan take shigowa ba. An rubuta bayanin, daga baya aka gyara kod ɗin, aka manta da bayanin. Wuraren da za ka fi zuba wa ido su ne waɗannan. Bayani ya ce "yana jera dukkan odoji", kod kuwa yana tsayawa a 20 na farko. Wakilin zai gaya wa mai saye da cikakken tabbaci cewa ba shi da odar da take ta 21. Bayani ya ce "yana soke oda", kod kuwa yana sokewa, ya mayar da kuɗi, ya kuma aika wa mai saye imel. Wakilin da bai san haka ba yana iya kiran kayan aikin mayar da kuɗi a karo na biyu. Bayani ya ce ana nema da suna, kod kuwa sai sunan ya zo daidai harafi da harafi yake samun komai.

Rubuta kowane saɓani a takardar lissafinka. Sannan ka yanke hukunci a kan kowanne: bayanin za a gyara ko kod ɗin? Wani lokacin bayanin ne ke faɗin abin da ya kamata, kod ɗin ne ya kauce.

## 4. Bi guraben ɗaya bayan ɗaya

Nan ne aikin ya fi yawa, nan ne kuma gyara ya fi saurin haifar da ɗa mai ido.

Fara da sunan gurbin. `id` na mene ne, na oda ko na mai saye? `lambar_oda` ya rufe ƙofar tambayar. Sai siffar abin da za a saka. Gurbin kwanan wata da ba a faɗi tsarinsa ba tarko ne, domin 03/04/2025 yana iya zama 3 ga Afrilu, yana iya zama 4 ga Maris. Bayanin gurbin ya ce a bi tsarin ISO 8601, ya kuma ba da misali irin 2025-04-03. Idan da lokaci a ciki, a faɗi agogon da ake bi, na UTC ne ko na mai amfani.

Lambobi kuma sai an faɗi ma'auninsu. Gurbin `adadi` na kuɗi, cikakken kuɗi ake sakawa ko ƙananan rassansa? Hanyoyin biya da yawa, Stripe na cikinsu, suna karɓar kuɗi ne a mafi ƙanƙantar rassa, ta yadda 500 ke nufin dala 5. Wakilin da ba a gaya masa ba yana iya yin kuskuren ninki ɗari. Haka gurbin jira: daƙiƙa ce ko kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa?

Idan zaɓin ƙayyadadde ne, a ce matsayin oda guda huɗu ne kawai, kada a bar shi a jimla. A sa shi cikin `enum`, wato jerin zaɓin da aka yarda da su, a tsarin guraben, domin a nan manhaja na iya ƙin karɓar abin da ba ya cikin jerin. Duba jerin `required`, na guraben dole, kuma: duk gurbin da kod zai faɗi idan babu shi, yana ciki? Ga guraben ganin dama, an faɗi abin da zai faru idan aka bar su fanko?

Tambaya ta ƙarshe a kan kowane gurbi, wadda na fi ba muhimmanci: daga ina wakilin zai samo abin da zai saka? Idan gurbin yana buƙatar lambar da ke cikin rumbun bayananka kaɗai, kuma babu kayan aikin da ke dawo da ita, ko bayanin bai nuna wanda ke dawo da ita ba, ka buɗe wa wakilin hanyar ƙirƙiro lamba.

A kula: misalin da ka sa a bayanin gurbi, samfurin yana iya kwafarsa yadda yake idan ya rasa abin sakawa. Kada misalin ya zama lambar oda ta gaske.

## 5. Jera masu kama da juna

Ɗauki kayan aikin biyu-biyu, waɗanda aikinsu ya yi kusa, ka rufe sunayensu, ka karanta bayanan. Idan ba za ka iya cewa wanne ne wanne ba, samfurin ma zai riƙa jefa ƙuri'a tsakaninsu. Maganin shi ne kowane bayani ya ambaci ɗan'uwansa da suna, ya faɗi inda iyakarsu take. Idan ka kasa rubuta iyakar a jimla ɗaya, wataƙila kayan aiki ɗaya ne aka raba biyu, sai a haɗe su.

Yawa ma kansa matsala ne. OpenAI tana ba da shawarar a yi ƙoƙarin tsayawa ƙasa da kayan aiki 20 a lokaci guda, ko da yake ba doka ta mayar da shi ba.

## 6. Rubuta buƙatun gwaji, da amsarsu, kafin ka kunna komai

Matakai biyar ɗin baya ba su ci ko sisi ba sai lokaci. Daga nan za a fara kashe kuɗi, don haka a shirya da kyau.

A takardar lissafi, kowane layi ya ɗauki buƙata ɗaya irin wadda mutum zai rubuta, sai kayan aikin da ya kamata a kira, sai abin da ya kamata ya shiga guraben. Buƙatu 30 zuwa 50 sun isa farawa ga ƙaramin tsari. Idan kana da saƙonnin masu amfani na gaske, daga cikinsu za ka ɗebo, bayan ka goge sunaye da lambobi.

Ka tabbata nau'o'i huɗu sun shiga. Na farko, buƙata miƙaƙƙiya mai ɗauke da komai. Na biyu, wadda ta rasa wani abu, kamar "ina odata take?" ba lamba, daidai a nan shi ne wakilin ya tambaya ko ya kira `jera_oda`. Na uku, wadda bai kamata a kira komai a kanta ba, kamar mai tambayar ƙa'idar sokewa ba tare da ya ce a soke masa ba. Na huɗu, mai buƙatar kira biyu ko uku a jere. Nau'i na uku shi ne mutane suka fi mantawa, alhali shi ke kama bayanin da ya cika jan wakili zuwa kansa.

A kula: kada ka rubuta buƙatun da kalmomin da ke cikin bayanin. Idan bayanin ya ce "soke" kai ma ka rubuta "soke", sauƙaƙa wa samfurin jarabawa ka yi. Mutane cewa suke "na fasa", "ba na so kuma", "a dakatar da shi". Haka nan, idan bayanin da harshe ɗaya aka rubuta shi, masu amfani kuma da wani suke rubutu, da harshen masu amfanin za ka yi gwajin.

Ware kashi ɗaya cikin huɗu na buƙatun ka ajiye gefe, kada ka taɓa su sai a mataki na ƙarshe.

## 7. Kunna gwajin, ka maimaita

Yi amfani da samfurin da za ka fitar da aikin da shi, da umarnin tsari (umarnin da manhaja ke ba samfurin tun farko) iri ɗaya, da dukkan kayan aikin a gabansa. Kowace buƙata ka gudanar da ita sau biyar ko makamancin haka, domin samfurin ba ya ba da amsa ɗaya kullum. Buƙatar da ta yi daidai sau uku cikin biyar ba ta ci ba. Tana nuna bayanin ya bar wurin shakka.

A kowane zagaye ka rubuta abu huɗu: ya zaɓi kayan aikin da ya dace? Guraben sun cika daidai? Kira nawa ya yi kafin ya gama? Tokin nawa aka ci, wato gutsattsarin rubutu da ake lissafa kuɗi da su?

Ga yadda za ka ƙiyasta kuɗin tun kafin ka fara. Bayanan kayan aikin gaba ɗaya suna shiga cikin kowane kira, kuma ana lissafa su a tokin ɗin shigarwa. A ce kana da kayan aiki 30, kowanne ya kai tokin 300: tokin 9,000 ke nan a kowane kira, kafin mai amfani ya ce uffan. Idan buƙatu 40 ne, sau biyar-biyar, zagaye 200 ke nan, kuma idan kowanne yana yin kira uku, bayanan kaɗai sun ci tokin miliyan 5.4. Ninka wannan da farashin samfurinka. Manyan kamfanonin suna da tsarin adana farkon saƙo mai maimaituwa a rangwame, kuma bayanan kayan aiki irin abin da ya dace da shi ne, don haka ka duba ko yana aiki a wurinka.

A kula: `soke_oda` da duk mai canza wani abu, a wurin gwaji kawai za a kunna su, ko a musanya su da na bogi mai dawo da amsa ba tare da ya aikata komai ba.

## 8. Karanta zagayen da suka faɗi, tun daga farko har ƙarshe

Maki yana gaya maka akwai matsala, amma ba ya nuna inda take. Buɗe kowane zagayen da ya faɗi ka karanta shi duka, har da tunanin samfurin idan ana nuna shi, ka sa shi a ɗaya daga cikin rukunan nan. Bai kira ba alhali ya kamata: bayanin bai faɗi lokacin amfani ba. Ya kira makamancinsa: koma mataki na 5. Ya cike gurbi ba daidai ba: koma mataki na 4. Ya kira daidai amma ya fahimci amsar a karkace, ko ya yi ta maimaita kira ɗaya: matsalar tana cikin abin da kayan aikin ke dawo da shi.

Wannan na ƙarshen ya cancanci a tsaya a kansa, domin amsar kayan aiki ci gaban bayaninsa ce. Saƙon kuskure mai cewa "Kuskure 400" bai koya wa wakilin komai ba, sai ya sake aika abin da ya aika. Wanda ya ce "Ba a gane kwanan watan ba, rubuta shi kamar 2025-04-03" yana sa ya gyara a kira na gaba. A MCP, kuskuren da ya auku yayin aikin ana mayar da shi ne cikin amsar da alamar `isError`, domin samfurin ya gani ya gyara. Duba kuma ko amsa fanko tana bambanta "babu oda" da "binciken ya gaza". Idan jerin da aka dawo da shi yankakke ne, amsar ta faɗi haka, ta kuma faɗi yadda za a samo sauran.

Leƙa wasu daga cikin zagayen da suka ci ma. Akwai wanda zai kai ga amsa daidai bayan kira bakwai a inda biyu sun isa.

Ba kowace faɗuwa ce laifin bayani ba. Idan ka gyara shi ta fuska biyu ko uku abin bai motsa ba, gwada samfuri mafi ƙarfi a kan buƙatar. In shi ma ya faɗi, ƙila ƙirar kayan aikin ce ke buƙatar sauyi.

## 9. Duba haɗari da ɓoyayyen umarni

Duk kayan aikin da ke gogewa, aikawa, biya ko sokewa, bayaninsa ya faɗi haka ƙarara, ya faɗi ko ana iya janye aikin. MCP tana da alamomi na musamman don wannan, irin su `readOnlyHint`, `destructiveHint` da `idempotentHint`. Tabbatar sun dace da abin da kod ke yi. Sai dai ishara ce kawai, ba kariya ba. Ƙa'idar MCP da kanta ta ce kada a dogara da su idan ba a amince da sabar ba. Neman amincewar mutum kafin aiki mai haɗari a cikin manhaja ake gina shi, jimlar "tambayi mai amfani tukuna" a bayani ba ta wadatar.

Idan sabar ta wani ce ka ɗauko, karanta bayananta duka a ɗanyen rubutun da ka fitar a mataki na 1. A watan Afrilun 2025 kamfanin Invariant Labs ya nuna yadda ake cusa umarni a cikin bayanin kayan aiki, samfurin ya karanta ya bi, mai amfani kuwa bai gani a allonsa ba. Alamomin da za su tsayar da kai: bayani mai umartar wakilin ya karanta fayil ɗin da ba ruwansa da aikin, mai cewa kada a sanar da mai amfani, ko mai tsara yadda za a yi amfani da kayan aikin wata sabar. Adana kwafin bayanan da ka amince da su, ka riƙa kwatantawa duk lokacin da sabar ta sabunta.

## 10. Gyara abu ɗaya, ka sake gwadawa

Ɗauki rukunin da ya fi yawan faɗuwa, ka yi gyara ɗaya, ka sake gudanar da dukkan buƙatun, har da na kayan aikin da ba ka taɓa ba. Gyaran `nemo_oda` yana iya janye kiran da ya kamata ya tafi `jera_oda`. Idan ka canza abu biyar lokaci guda maki ya tashi, ba za ka san wanne ya yi aikin ba, kuma ba za ka san wanne ya ɓata wani abu a ɓoye ba.

Kuskuren da na fi gani a nan shi ne ihu a rubuce: manyan haruffa, "DOLE", "KULLUM". Hakan yakan magance rashin kira, ya haifar da kira a inda bai dace ba. Faɗin dalili ya fi aiki. "Kira `jera_oda` tukuna, domin `soke_oda` lambar oda kawai yake karɓa" ya fi "DOLE ka fara da `jera_oda`", saboda samfurin da ya san dalilin zai gane cewa idan lambar tana hannunsa ba sai ya bi ta can ba. Kuskure na biyu shi ne liƙa ainihin buƙatar da ta faɗi a cikin bayanin a matsayin misali. Makin zai tashi a kan waccan buƙatar kaɗai.

Kana iya ba samfuri zagayen da suka faɗi ka nemi ya ba da shawarar gyara, kuma yakan taimaka. Amma duk jimlar da ya kawo sai ta bi ta mataki na 3, domin yana iya rubuta abin da kod ɗinka ba ya yi.

Idan makin ya daidaita, fito da buƙatun da ka ware a mataki na 6 ka gudanar da su. In sakamakonsu ya yi kusa da na sauran, gyaran na gaske ne. In ya yi ƙasa sosai, jarabawar ka koya wa bayanin, sai ka ƙaro sababbin buƙatu ka koma mataki na 8. Bayan haka ka ajiye takardar buƙatun kusa da kod ɗin, ka sake gudanar da ita duk lokacin da aka gyara kayan aiki, aka ƙara sabo, ko aka sauya samfuri.